Bafil biyu, bas ya gudu: laifin waya ne ko na haɗi?

Nasiru Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan gida. Shawarar manya nake nema. Na sayi ampili na hannu da bafil biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya ga kuran) a wajen wani da zai bar Yamai. A gidansa na saurare su kafin in biya, bas har a ƙirji nake jin shi. Na kawo gida na haɗa a falo, sauti na fita amma ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in na murɗa balans gefe guda, bafil ɗaya kaɗai ke aiki, sai bas ya dawo. In na mayar tsakiya sai ya gudu. Wani mai shago ya ce wayata ce ba ta da kyau, ya nuna mini wata mai kaurin yatsa da kawuna ruwan zinariya, wai jika 45. In saya ko in dakata?

Lawali mai gyara, Katako:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Kai da bakinka ka faɗi ciwon: bafil ɗaya ya fi biyu bas. Babu wayar da ke yin haka saboda rashin kyau. Ɗaya daga cikin bafil ɗinka a juye aka haɗa shi, ja ya tafi wurin baƙi, baƙi ya tafi wurin ja. Ka taɓa ganin mota ta mutu a hanya, mutum ɗaya na turawa ta baya, wani na turawa ta gaba? Kowa na gumi, mota ba ta motsa ba. Fuskar sifika ɗaya na turo iska waje, a daidai lokacin ɗayar na janye ta ciki. Kashe ampili, ka juya wayar bafil ɗaya kaɗai, a gefe ɗaya kaɗai, ka kunna. Kada ka juya duka biyun, in ka yi haka ka koma inda ka fito.

Nasiru Bukoki:
Maigida, wayar tawa duka bangarorin biyu fari ne, babu ja babu baƙi. Ta yaya zan gane?

Lawali mai gyara, Katako:
Shafa ta da yatsa. Yawancin irin wannan waya, ɗaya gefen yana da ɗan tudu siriri da ya bi tsawonta, ko layi, ko rubutu. Wata kuma in robar mai gani-har-hanji ce za ka ga silin ɗaya ja-ja, ɗaya fari-fari. Wanda ka zaɓa ya zama na ja, ya zama shi ne na ja a ampili da bafil, hagu da dama. In babu wata alama, samo pil ƙarami na telekomand, mai bolt 1.5. Cire wayar daga ampili, ka bar ta a jikin bafil, ka buɗe ragar gaba. Taɓa sili ɗaya a kan pil, ɗaya a gindinsa, na ɗan ƙiftawar ido. In babbar sifikar ta turo waje, silin da ke kan pil shi ne na ja. In ta shige ciki, ɗayan ne. Ɗaura masa ɗan salatif ka huta. Pil na ce, ba batirin mota ba, kuma kada ka yi wannan a kan tuwita, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti, ita kaɗai.

Malam Sani, Talladje:
Lawali ya gama magana, ni dai zan ƙara dalilin da ya sa bas ne ke fara mutuwa ba siririn sauti ba, tun da ɗalibaina kullum nan suke tsayawa. Sauti na tafiya a iska kamar mita 343 a daƙiƙa, a zafinmu na watan Afrilu ma ya ɗan haura 350. Sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tsawon zango guda nasa ya kusa mita 7. Bafil ɗinka tsakaninsu mita 2 ne ko ƙasa. A wajen zango mai tsawon mita 7, kusan wuri ɗaya suke tsaye, don haka abin da wannan ya tura wancan ya kwashe. Amma sautin da ke kaɗawa sau 10,000, zangonsa santimita 3 ne da ɗan kai. Ka gusa kanka kaɗan lissafin ya sake. Shi ya sa siririn sauti ba ya ɓacewa, sai dai ya watse.

Akwai alama ta biyu da mutane ba su kula da ita. Kama labaran rediyon Voix du Sahel, ka zauna daidai tsakiyar bafil biyun ka rufe ido. In haɗi daidai yake, muryar mai karanta labarai za ta tsaya cak a gabanka, a wurin da babu wata sifika. In a juye yake, ba za ka iya nuna inda take fitowa da yatsa ba, wasu ma sai su ji kunne ya toshe musu. Dabarar nan ta sa murya ta tsaya a tsakiya tsohuwa ce, Alan Blumlein ya yi rajistarta a Ingila tun 1931, kuma duk ta dogara ne ga sifikun biyu su motsa tare.

Nasiru Bukoki:
Allahu akbar. Na yi gwajin pil, na dama ne ke shigewa ciki. Na juya. Wallahi tagar falo har rawa take. Allah ya saka da alheri, Maigida Lawali, Malam na gode.

Alhaji Mamman, Plateau:
Madalla, yaro ya samu bas ɗinsa. Amma kada ku sa ya tafi da tunanin waya ba ta da aiki. Ni na fara tara kayan sauti tun wasunku ba su shiga lakwal ba. Wayar da nake amfani da ita a Faransa na saye ta, tagulla ce da aka cire wa iskar oksijin, kuma ranar da na sa ta na ji abin da ban taɓa ji ba a faifan da na sani tun ina saurayi. Zaren gurmi ya fito fes, ana jin yatsa na sauka a kai. Lissafi daban, kunne daban.

Rabi, Yantala:
Baba Alhaji, barka da yamma. Da wace waya kake amfani kafin ta Faransar?

Alhaji Mamman, Plateau:
Ɗiyata, wata siririya ce da ta zo tare da kayan, ta yi shekaru a bayan kabad.

Rabi, Yantala:
To Baba, ban musa ka ji bambanci ba, ka ji. Amma abubuwa uku ka sauya a rana ɗaya. Ka cire siririya ka sa mai kauri. Ka cire bakin waya da ya yi shekaru yana shan ƙura da raɓa har ya dushe, ka sa sabo. Ka kuma ɗaure kusoshin baya da suka saki. Ko wayar gini ta kenkayeri ka sa a ranar, biyu daga cikin ukun nan ka samu, na ukun ma ka samu. Ni a situdiyon rediyo nake aiki. Faifan nan da kake ji, kafin ya iso gare ka sautinsa ya bi ta wayoyi masu tsawon gaske a situdiyo, na yau da kullum, waɗanda ake saye a dunƙule. Mita uku na ƙarshe a falonka ba za su dawo da abin da waɗancan suka ci ba, in ma sun ci.

Alhaji Mamman, Plateau:
Kina nufin Turawan da ke ƙera waɗannan wayoyi duk mahaukata ne?

Rabi, Yantala:
A'a Baba, su kam da hankalinsu, ciniki suke.

Malam Sani, Talladje:
Alhaji, a yi mini haƙuri in sa lamba a maganar, don waya na da aiki, sai dai aikin nata yana da iyaka kuma ana iya auna shi. Abin da ya fi komai a wayar bafil shi ne turjiyarta, wato yadda take hana kuran wucewa. Abu uku ke kawo ta: ƙarfen da aka yi ta da shi, kaurinta, tsawonta. Tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1, kowace mita tana da turjiya wajen om 0.017. Wayar da muke kira 1.5, mita ɗaya om 0.012 ne. Ta 2.5, om 0.007. Siririyar 0.5, om 0.035. Kuma a tuna kuran zuwa yake ya dawo, don haka tsawon a ninka shi biyu.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta bafil. Bafil mai om 8, iyakarka om 0.4. Mai om 4, iyakarka om 0.2. Ɗauki falon Nasiru, mita 3 kowane gefe, da wayar 1.5: mita 6 sau 0.012, om 0.07. Bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yanzu tagullar Alhaji da aka cire wa oksijin, in ta fi tagullar lantarki ta kullum wuce da kuran, da kamar kashi 1 cikin 100 ne. Wato kashi 1 na wancan om 0.07 ɗin. Azurfa ma, da ta fi kowane ƙarfe, ta fi tagulla da kashi 6 ne kacal ko ƙasa. Ka ƙara wa wayarka kauri kaɗan, ka wuce azurfa.

Idi Ba'adare, Tawa:
Salamu alaikum mutanen Yamai. Ni tawa matsala ba ta falo ba ta. Ampili na cikin ɗaki, bafil biyu masu om 4 na tsakar gida ƙarƙashin rumfa, nan muka hira da dare. Tsakani ya kai mita 12. Wayag ga ja da baƙi siririya da aka saidawa kasuwa ita niy ja. Haɗi daidai shike, na yi gwajin pil tun bara. Amma sai na murɗa ƙara sosai kahin a ji, ampili ya ɗau zahi awa a toya ƙwai bisa. Malam, mi ka gani?

Malam Sani, Talladje:
Idi, kai kam waya ce matsalarka, kuma ga inda Alhaji ke da gaskiya. Irin wannan siririya ba ta cika wuce 0.5 ba. Mita 12 zuwa da dawowa mita 24 ne. In tagulla ce tsantsa, om 0.84. In kuwa irin wadda Lawali zai ba ka labari ce, ta kai om 1.3. Ka jera om 1.3 da bafil mai om 4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ampili ke fitarwa a cikin waya yake ƙarewa, zafi yake zama. Kuma asarar ba ta tsaya ga ƙara ba. Om 4 da aka rubuta a bayan bafil ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa, a wani wurin ya haura om 20, a wani ya sauka ƙasa da 4. In turjiyar waya ta yi yawa, wani sauti zai fi wani shan asara, launin kiɗan ya sauya. Sannan ampili ba ya iya riƙe babbar sifika ya tsayar da ita da zarar bugun ganga ya wuce, sai bas ya riƙa jan ƙafa. Sa wayar 2.5 ta tagulla: mita 24 sau 0.007, om 0.17. Ka shiga cikin ƙa'ida.

Zafin ampilin kuma, ka duba ko an rubuta yana ɗaukar om 4. Kuma bafil a fili ba bango da zai maido sauti, dole ka murɗa fiye da na ɗaki.

Lawali mai gyara, Katako:
Yawwa Malam, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Jama'a, yawancin wayar bafil mai arha da ke yawo yanzu ba tagulla ba ce. Alminiyo ne aka yi wa wanka da ruwan tagulla. A ido ja wur, ciki fari fat. Wasu masu gaskiya na rubuta CCA a jikin robar, wasu ba su rubuta komai, wasu ma su rubuta kaurin da bai kai ba, roba ce ta yi ƙiba, silin ciki bai fi gashi goma ba. Alminiyo na wuce da kuran kamar kashi 61 cikin 100 na tagulla, to ka ga an cuce ka sau biyu. Ga shi da karyewa, ka ɗaure shi da kusa yau, bayan wata biyu ya saki ko ya gutsure.

Ga yadda nake gwadawa kafin in biya. In fere bakin, in kankare sili ɗaya da wuƙa. Tagulla ja ce har ciki. In fari ya leƙo, alminiyo ne. In kunna birike a ƙarƙashin silin, na tagulla zai yi ja ya yi baƙi amma yana nan tsaye, na alminiyo nan take zai lanƙwashe ya zube. In ɗaga dunƙulen a hannu, tagulla ta ninka alminiyo nauyi sau uku da ɗoriya, hannu na ganewa. Akwai kuma ta ƙarfe da aka shafa wa tagulla, ita mayen ƙarfe na kama ta. Sai dai a kula, akwai tagulla ta gaske da aka shafa wa kuza don kada ta yi tsatsa, ita waje ne fari ciki ja. Wannan mai kyau ce, kada a jefar.

Idi Ba'adare, Tawa:
Na kankare yanzu-yanzu. Hwari tas. Allah shi isa.

Lawali mai gyara, Katako:
Je wurin masu kayan gini nan Tawa, ka ce a ba ka waya mai laushi ta lantarki, sili biyu, 2.5. Ba sai ka aiko Yamai ba. Mai laushi na ce, mai gashi da yawa, ba sandararriyar da ake bi da ita cikin bango ba. Ita ma sandararriyar sauti ɗaya za ta ba ka, wuyar lanƙwasa ce da ita kuma tana iya ɓalle maka kusar bayan ampili. Tun da a tsakar gida take, sa ta cikin tiyo, rana na cin roba, ɓeraye ma na so.

Alhaji Mamman, Plateau:
Duk na ji. Amma akwai abin da mitarku ba ta aunawa. Mai saida mini ya yi mini bayanin cewa siririn sauti a fatar waya yake bi, ba a cikinta ba, shi ya sa ake saƙa silin ta wata hanya ta musamman. Kuma wayata akwai kibiya a jiki, tana nuna gefen da zai tafi wajen bafil.

Malam Sani, Talladje:
Maganar fatar gaskiya ce, Alhaji, muna koyar da ita. Amma a sautin da ke kaɗawa sau 20,000, wanda shi ne iyakar kunnen yaro, kuran na shiga tagulla zurfin kusan rabin milimita ta kowane gefe. Wayar 1.5 faɗinta duka bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Kusan duk cikinta na aiki. Abin na damun masu eriyar rediyo da talabijin, inda ake maganar miliyoyi. Ni da kai kuma, da girmamawa, kunnenmu ya daɗe da sallama da 20,000. Kibiya kuwa, kuran da ke zuwa bafil gaba da baya yake yi, sau dubbai a daƙiƙa. Rabin lokaci yana bin kibiyar, rabi yana saɓa mata.

Rabi, Yantala:
Wannan kasuwa ta waya mai tsada ba ta daɗe ba fa. Noel Lee ne ya kafa Monster Cable a Amurka a 1979, kafin nan mutane da wayar fitila suke haɗa bafil. Kuma a lokacin ya taimaka, don ya sa mutane sun bar siririya sun koma mai kauri. Daga baya ne abin ya zama gasar farashi. A 2007 James Randi, wani mai tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa dalar Amurka miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata waya ta dalar Amurka 7,250 da ta Monster da kunne kawai, ido a rufe. An yi ta cacar baki, gwajin bai gudana ba, kuɗin ba wanda ya ɗauka.

Hamisu, Harobanda:
Ni tambayata daban. Ampilina na kusa da bafil na hagu, mita 1, na dama mita 4. An ce dole wayoyin su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba sautin wani zai riga wani isowa. Na naɗe sauran mita 3 na ɓoye bayan kujera.

Malam Sani, Talladje:
Saƙo a cikin waya na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Bambancin mita 3 bai kai jinkirin da za ka samu in ka gusa kanka da kaurin gashi ɗaya ba. Yanke abinka. In wayar na da kauri, bambancin turjiyar ma ba a ji.

Hamisu, Harobanda:
To ai shi ke nan, na samu wayar fanka.

Lawali mai gyara, Katako:
Bari in faɗi abin da ke kawo mini ampili a mace, don juya ja da baƙi ba ya ƙona komai, sauti kawai yake ɓatawa. Abin da ke ƙonawa gashin waya ne. Mutum ya fere santimita uku, ya tura rabi, sili ɗaya siriri ya miƙe ya taɓa na kusa da shi. Ka murɗa ƙara, tiranzisto su tafi, wani lokaci fizibil bai ma samu damar yankewa ba. Fere santimita ɗaya ya isa, a murɗe gashin ya zama tsintsiya ɗaya, a tura duka, a ɗaure, a ja kaɗan a ji ko ya kama. Kuma a kashe ampili kafin a taɓa.

Na biyu, masu haɗa baƙi da baƙi don su yi tattalin waya, sili uku maimakon huɗu. A tsofaffin ampili da yawa baƙaƙen a haɗe suke a ciki, ba a ganin illa. Amma ƙananan nan na yanzu marasa nauyi masu Bluetooth, da yawansu baƙin ma wuta ce ke fita ta nan, ba ƙasa ba ne. Ka haɗa na hagu da na dama, ka kashe shi.

Na uku, masu jera bafil. Biyu masu om 8 a baki ɗaya sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama om 2. Ampilin gida kaɗan ne ke jure om 2, balle a watan Mayu a ɗakin da ba iska.

Alhaji Mamman, Plateau:
Nan kam ba gardama. In ƙara da ɗaya: mai tsohon ampili na kwalba irin nawa, kada ya kuskura ya kunna shi ba bafil a jiki. Taransifoman fita ne zai tafi, kuma ba za ka same shi a Katako ba.

Lawali mai gyara, Katako:
Baba, Katako ba abin da babu, sai dai ba a tono shi ba.

Rabi, Yantala:
Akwai wani juyin da ke ɓoye a cikin akwati, launin waya daga waje ba ya nuna shi. Bafil da aka taɓa kai gyara, a canza babbar sifika ko a sake naɗa ta, wani lokaci a mayar da wayoyin ciki a juye. Daga baya ja na wurin ja, amma ciki ya saɓa. Shi ya sa gwajin pil ya fi duba launi. Amma a yi hattara da tuwita. Wasu masu ƙera bafil da gangan suke juya tuwita, saboda yadda matatar da ke raba sauti tsakanin babba da ƙarama ke jinkirta shi. Mai gyara ya buɗe ya ga kamar kuskure ne ya daidaita, sai a samu rami a tsakiyar sauti, daidai inda muryar mutum take. In za a buɗe, a ɗauki hoto da salula kafin a cire komai, kuma a kwatanta da ɗan uwansa da ba a taɓa ba.

Ga wanda ba ya son buɗe raga: jawo bafil biyun su fuskanci juna, tsakaninsu faɗin tafin hannu, ka sa kiɗa mai ganga. Juya wayar ɗaya ka sake ji. Haɗin da ya fi bas shi ne daidai. Bambancin ba ya ɓuya, ko yaro zai faɗa maka.

Nasiru Bukoki:
Tanti Rabi, in duka biyun a juye suke fa, ja a baƙi hagu da dama? Akwai asara?

Rabi, Yantala:
Bas ba zai ɓace ba, murya na nan tsakiya, tun da tare suke motsi. Abin da ya sauya kawai, bugun farko na kalangu da ya kamata ya turo fuskar sifika waje zai ja ta ciki. Da wasu sautukan gwaji na musamman akwai masu iya ganewa, a kiɗa cikin ɗaki abu ne mai wuya ƙwarai. Kuma kai ba ka san sau nawa aka juya shi tsakanin makirfo da faifai ba. Haɗa daidai don tsari, kada ya hana ka barci.

Mai sabufa kuma, wato akwatin da ke fitar da bas kaɗai, akwai ɗan maɓalli a baya an rubuta 0 da 180. Shi ma wannan maganar ce. Zauna inda ka saba zama, wani ya riƙa sauya maka, ka bar shi inda bas ya fi cika. Babu wanda ya fi daidai a rubuce, ya danganta da inda ka ajiye akwatin.

Idi Ba'adare, Tawa:
Hajiya, tun da kina nan. Akwai wani kuka "huuum" da ka tashi duk sa'ad da na haɗa dekoda da ampili. Wayab bafil ta?

Rabi, Yantala:
A'a, wayar bafil ba ta cika kwaso wannan ba, kuran da ke cikinta ya fi ƙarfin abin da za ta tsinta a hanya. Kukan nan na wutar gida ne mai kaɗawa sau 50, kuma ta ƙananan wayoyin nan masu kai ja da fari yake shiga, don saƙon da suke ɗauka ɗan kaɗan ne, ampili kuma ya ƙara shi tare da dattin. Gwada cire wayar eriya daga dekoda. In kukan ya tsaya, ƙasa biyu ne suka saɓa, ta eriya da ta ampili. Sa dekoda da ampili a kan maltipiris ɗaya, in bai bari ba akwai ɗan abin da ake sawa a wayar eriya ya raba su. In kuma kukan na sauyawa in ka taɓa wayar, ragar da ke cikinta ta tsinke, canza ta. Nan ne ya dace mutum ya ɗan kashe kuɗi, ya samu mai raga sosai da kai mai kamawa, gajera, kuma kada a kwantar da ita a jikin wayar kuran. Dogon zango a bar wa wayar bafil.

Alhaji Mamman, Plateau:
To ga shi da bakinki kin ce a kashe kuɗi a waya.

Rabi, Yantala:
Jika biyu ko uku, Baba, ba kuɗin rago ba.

Malam Sani, Talladje:
Alhaji, ga shawara, in ka yarda. Mu zo gidanka da wayar 2.5 ta kenkayeri, tsawo ɗaya da taka. Kai ka zauna a kujerarka, ka zaɓi faifan da ka fi sani. A rataya zane a gaban kayan. Lawali na baya yana sauyawa, ba ya magana, ba ya taɓa maɓallin ƙara, don ko ɗan ƙarin ƙara kaɗan kunne na ɗaukar shi a matsayin kyau. Kafin kowane zagaye a jefa dala, in ta faɗi kai a sa taka, in ta faɗi gindi a sa tamu, Rabi ta rubuta. Zagaye goma. Mai cinta kawai zai samu wajen biyar. In ka samu tara, ni zan sayi naman.

Alhaji Mamman, Plateau:
In na samu tara, nama da lemo, kuma ka faɗa wa ɗalibanka. Amma Lawali ya wanke hannu kafin ya taɓa mini kaya, kuma shi ma kada ya ga fuskata.

Lawali mai gyara, Katako:
Baba, ampilin kwalba ne, sai an kashe an jira kafin kowace sauyawa. Zagaye goma zai ci awa biyu. A ƙara shayi a lissafin.

Nasiru Bukoki:
Ni zan kawo gawayi da butar shayi, in an yarda yara su zo.

Alhaji Mamman, Plateau:
Ku zo ranar Lahadi bayan la'asar. Malam, wayar taka a kankare ta a gabana kafin a fara, kada ka kawo mini alminiyo ka ce na ci da sauƙi.